Ƙullin Yaji a Garejin 'Yan Ungulu

Na shigo Amurka da sana'a ɗaya tak a hannuna, gyaran babur, sai na tarar da ƙasar da babu ɗan acaɓa ko na magani. Sunana Habu. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin titi a Kano ina kwance babura roba-roba ina ɗaurawa, har 'yan acaɓan unguwarmu suka naɗa ni mai ladabtarwa na ƙungiyarsu, ko da yake ban taɓa ɗaukar fasinja ba. Da aka hana acaɓa kasuwata ta mutu, na cike takardar cacar biza da wasa, sunana ya fito da gaske.

Zangona na farko garin Bowie ne, gidan Dakta Nasiru, jikan ƙanin kakata, irin zumuncin da sai an zauna an zana a ƙasa kafin a gane shi. Ya ba ni ɗaki a ƙarƙashin gida. Unguwar tsit take kamar an yi wa kowa rasuwa. Washegarin zuwana na fita a ƙafa neman mai shayi, na yi tafiyar awa guda ban haɗu da mai tafiya a ƙasa ba sai wata tsohuwa da karenta, na gaishe ta, karen ne ya amsa. 'Ya'yan Dakta kuwa in na ce musu "ina kwana", sai su ba ni amsa da wani Turanci na hanci, in juya in dubi uwarsu ta fassara. Ita kuma Hajiyar gidan ta lura ina da ƙarfi, sai aske ciyawa da wanke motoci suka zama abin da take kira motsa jikina. Wata takwas ina motsa jiki, ranar nan Dakta ya kira ni falo.

"Look, Habu, a nan ba a zama. Kowa da ka gani yana hustling ne. Na samo maka ɗaki a Lanham."

Ɗakin na Lanham mu biyu ne a ciki, ni da Issaka, mutumin Maraɗi da yake tuƙa tasi a wajajen ofisoshin jakadanci na Washington. Na wanke kwanuka a gidan abinci, na ɗaga tsofaffi a gidan kula da su har bayana ya fara magana. Wani mai kwat da na haɗu da shi a tashar bas ya kai ni makarantar koyon kanikanci da ya ce hukuma ta san da ita. Ɗaki ɗaya ce a saman shagon aski. Ya ba ni takardar shaida mai hatimin zinare, duk garejin da na kai ta sai a juya ta gaba da baya a miƙo min. Da na koma neman bayani na tarar mai askin ya mayar da makarantar ɗakin ajiyar tawul.

A shekara ta huɗu na je gida na auri Rabi. Sati shida muka yi tare na dawo, na shigar mata da takardun zuwa. Daga nan rayuwata ta koma jiran ambulan ɗin da zai kawo amsar takardarta. Duk kiran da za mu yi, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Ta fito?" Ƙawayenta har sun sa mata suna matar waya, tana faɗa min tana dariya, ni kuwa na san dariyar ba ta kai ciki ba. Dakta ya ja min kunne tun ranar da na sa hannu a takardun.

"Ka kiyayi police. In sunanka ya shiga file ɗin ƙwaya, ba maganar zuwan Rabi ake ba, kai ma jirgi za a saka ka."

Na ce masa ni da ko goro ba na ci.

Wata ranar Asabar ina dawowa daga aiki na ga wani ƙaton Bature a gefen titi, gemu har ƙirji, yana harbin babur da ƙafa. Babur ɗin ya kai bijimin sa. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na matsa na ce ya sake tayarwa in ji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya danna, na ji 'yar ƙarar da ta yi na gane wayar batir ce ta saki. Da makullin ɗakinmu na ɗaure ta. Injin ya tashi da rugugin da ya sa na kusa hawaye, don rabona da jin babur a hannuna shekara biyar. Mutumin ya rubuta min adireshi a bayan kwalin sigari ya ce in zo Litinin.

Garejin yana can bayan wani sito na tayoyi. Ina shiga na gane inda nake, ko in ce na ɗauka na gane. Kowa sanye da 'yar shara ta fata, da tambari a baya, wani tsuntsu da suka ce mikiya ce, ni dai ungulu na gani, shi ya sa nake kiransu 'Yan Ungulu. Kowa da muƙaminsa a rubuce a ƙirji. Suna da taron mako a ɗakin baya, a rufe ƙofa, wanda ba ɗan kwamiti ba ba ya shiga. Sababbin shiga su ne masu wanke babura da zuwa aike. Har mai ladabtarwa suna da shi, na kuwa ba shi hannu a matsayin abokin aiki. Mai gemun nan shi ne shugaba, na sa masa Ciyaman, duk safiya in dunƙule hannu in yi masa jinjina. Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai, na tambaye shi ina fasinjojinsu. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce su saƙo suke kaiwa gari-gari. Na ce madalla, mu ma a tasha saƙo ya fi fasinja riba.

Da na ba Issaka labari ajiye cokali ya yi.

"Mi kake nema wurin waɗanga mutane? Kai ba ka kallon tele? Bon, ni dai na hwaɗa maka, zama da maɗaukin kanwa shi ka kawo farin kai."

Na ce masa hassada ce irin ta direban tasi da ɗan acaɓa, daɗaɗɗiya ce.

Gaskiya aikin ya yi min daɗi. Ba wanda ya tambaye ni takarda mai hatimi. In lokacin salla ya yi, mai ladabtarwa da kansa yake kashe rediyo. Amma akwai abin da na gani, kuma ba zan ɓoye ba. Babura uku a cikinsu tankinsu rabin mai yake ci. Bakanike ba ya rasa gane wannan. Na ƙwanƙwasa na ji ƙarar ba ɗaya ba ce sama da ƙasa, na je na sami Ciyaman na ce an cuce su, an sayar musu da jabun tanki, ya bari in buɗe in gyara. Ya dafa kafaɗata da hannun nan nasa mai nauyin bulo, ya ce, "Habu, kai da inji. Tanki ba naka ba ne." Wani abu ya ɗarsu a raina. Sai na tuna albashi da kujerun da nake son saya kafin Rabi ta zo, na danne shi.

Ana nan mahaifiyar Ciyaman ta rasu. Na ɗauki dardumata na tafi gidan tun da safe, na shimfiɗa a baranda na zauna, duk wanda ya shigo in ba shi haƙuri. Ranar farko an cika, babura har bakin titi. Rana ta biyu na dawo na tarar ba kowa. Ashe su zaman makokinsu wuni ɗaya ne, kowa ya kama gabansa. Na shimfiɗa dardumata dai. Can wajen azahar ya fito da kwalba a hannu, idanu jajur.

"Me kake jira?"

"Ba na jiran komai, Ciyaman. A wurinmu ba a barin mutum shi kaɗai sai an yi uku."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya zauna a kan matakala. Mun fi awa biyu a zaune tare. A rana ta uku shi ya kawo min shayi da kansa, ya ba ni labarin yadda tsohuwar take dukansa da ludayi yana da shekara arba'in.

To, ga inda tsautsayin ya shigo. Mahaifiyar Dakta ta zo daga Kano ganin jikoki, Rabi ta ba ta saƙo ta kawo min: kuka, daddawa, kanwa, da yajin tsire cike da babbar roba, dakan hannunta. Duk Asabar 'Yan Ungulu suna gashi a bayan gareji. Ni ba na taɓa namansu, kazata nake kawowa daga shagon halal. Ranar na barbaɗa yajin Rabi, ƙamshi ya tashi, mai ladabtarwa ya ɗanɗana, ya yi gumi, ya yi tari, ya miƙo hannu a ƙara. Kafin la'asar ƙarti goma sha biyu suna lasar yatsa.

Wanda aka kawo wa kaya daga gida ai ba ya ci shi kaɗai, dole a fitar da tsaraba. Na sayo fararen ledoji, na zauna na yi ƙulli-ƙulli kamar yadda ake yi a kowane kanti a Kano, cokali biyu, a murɗe, a ƙulle, a datse da haƙori. Ciyaman yana fama da ƙwannafi, shi sai na ƙara masa da 'yan duwatsun kanwa farare a nasa ƙullin, na ce ya riƙa jiƙa kaɗan yana sha. Kuma ni ɗan mutunci ne, an koya min yadda ake kyauta. Ba a ɗaga ta sama kowa ya gani kamar ana ba maroƙi. Dunƙulewa ake yi a tafin hannu, a miƙa hannu kamar za a gaisa, a sakar wa mutum, shi ma ya zura a aljihu. Da yake kayan ba zai ishi kowa a rana ɗaya ba, sai na ja mutum gefe, na waiga dama na waiga hagu, kada wanda bai samu ba ya ji babu daɗi. Haka na yi ta yi wata biyu, a ƙofar gareji, da rana tsaka. Akwai wata farar motar masu gyaran famfo da kullum take ajiye a tsallaken titi, har tausayin masu ita nake ji, ina cewa kasuwarsu ba ta tafiya.

Wata Talata da hantsi ina kwance ƙarƙashin babur na ji ƙofar gareji ta faɗo ciki. Kafin in fito wurin ya cika da 'yan sanda masu hular kwano, ga karnuka, ga jirgi yana shawagi a sama. Aka ce kowa ya kwanta, ni da ma a kwance nake, sai na juya rub-da-ciki. Ina kallo suka yanka tankunan nan uku, ledojin ƙwayoyi suka zubo. Suka fasa ɗakin kwamiti suka fito da bindigogi. Sannan wani kare ya nufi akwatin kayana, ya tura hanci cikin daddawa, ya ja da baya yana atishawa. Ɗan sandan da ya buɗe akwatin ya ga ƙulli talatin da wani abu, ja da kore da fari, ya kira manyansa da murna kamar ya tsinci dami a kala.

A ofishinsu aka kai ni wani ɗaki, wata jami'a baƙar fata, doguwa, mai gilashi, ta zauna gabana ta fara jera hotuna a tebur. Ga ni ina jinjina. Ga ni a barandar Ciyaman kwana uku a jere. Ga ni ina waige, ga hannuna cikin hannun mai ladabtarwa, ga bakin leda ya leƙo. Wallahi ni kaina da na ga hotunan sai da na ji ban yarda da mutumin ba. Ta ce ina da ikon yin shiru har lauya ya zo. Na ce ai mai gaskiya ba ya jiran lauya.

"Me ya sa kake waige-waige kafin ka ba su?"

"Saboda ba zai ishi kowa ba, ranki ya daɗe."

Ta rubuta. "Me ya sa kake ɓoyewa a cikin gaisuwa?"

"To a gaban mutane zan ba shi? Ai ba roƙo ya yi ba."

"Wa yake haɗa maka kayan?"

"Matata, a Kano. Da hannunta take dakawa, duk unguwarmu an san nata ya fi ƙarfi."

"Wa ya shigo da shi ƙasar nan?"

"Mahaifiyar Dakta Nasiru na Bowie. Tsohuwa ce, ba a cika bincikar jakarta ba."

Sai da na ga yadda alƙalaminta yake gudu na gane a cikin minti biyar na miƙa mata matata da tsohuwar mutane. Na fara rantsuwa, na ce a kawo kaza in nuna mata. Ba ta yi dariya ba. Ta zaro wani hoto daban ta ajiye a kan sauran, wata yarinya da rigar bikin gama sakandare. Ta ce an tsinci gawarta a banɗakin gidansu, ƙwaya ɗaya ta haɗiya irin waɗanda suka zubo daga tankunan. Ta ce, "Kai bakanike ne. Ba ka taɓa lura da tankunan nan ba?"

Nan dariyar labarin ta ƙare min. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ce mata na lura, na yi magana sau ɗaya, aka ce ba ruwana, na kuwa yarda ba ruwana don ina son aikin. Ta rubuta wannan ma.

Kwana tara na yi a tsare. Dakta ya kawo lauya, wani siririn mutum da ya karanta bayanina ya dafe kai da hannu biyu. Dakta kansa a waya ba ko sallama: "My mother, Habu? Hajiya? Mace mai shekara saba'in da biyar ka mayar smuggler?" Issaka ya zo ziyara, ya dube ni ta gilashi ya ce, "Na ce ka kiyayi maɗaukin kanwa, ashe kai ne maɗaukin." Ni duk wannan bai dame ni ba kamar tunanin Rabi tana kira wayata tana jin ta a kashe. Na riga na ga kaina a filin jirgin Kano da leda ɗaya, ina yi mata bayanin cewa yajinta ne ya maido ni.

Sakamakon ɗakin gwaji ya fito: barkono da gyaɗa da citta, garin ganyen bishiya, da wani gishirin ƙasa. Daddawa ce kawai suka rubuta ba su tantance ba, amma ba ta cikin abin da doka ta hana. Na ɗauka shi ke nan, lauya ya ce da saura. Maganar tankin tana nan, kuma masu gabatar da ƙara suna rage wa duk wanda ya tona mai kawo musu kaya. Ɗaya daga cikin sababbin shiga har ya fara cewa ɗan Afirkan nan ne yake kawowa. In Ciyaman ya gyaɗa kai kawai, shekaru za su ragu daga nasa, ni kuma tawa ta ƙare.

Rana ta tara lauya ya shigo yana murmushi, ya karanta min abin da Ciyaman ya ce a gaban nasa lauyan da jami'ar: "Wannan mutumin ya ɗauka mu ƙungiyar 'yan tasi ce. Ya zo zai gyara min tanki na kore shi. Da uwata ta mutu 'yan'uwana na ƙungiya wuni ɗaya suka yi, shi ya yi uku, ba wanda ya kira shi. Ku ƙyale shi."

Aka sake ni ba tare da an tuhume ni da komai ba. Har yau ban san inda zan ajiye mutumin nan a zuciyata ba. Na tsani abin da ya sayar, fuskar yarinyar nan ba ta bar ni ba, kuma na san hukuncin da aka yi masa bai zalunce shi ba. Amma kalma ɗaya ta rage masa ya saya wa kansa shekaru da ni, bai faɗe ta ba.

Takardar Rabi ta yi jinkirin wata bakwai ana ta tambayoyi, sannan ta fito. Na koma ɗaga tsofaffi, na kama ɗaki biyu a Lanham, Issaka ya ɗauko mu daga filin jirgi a tasinsa. Washegari da safe na fito na tarar da ita zaune a ƙasa, ta baje yaji a faranti, ga fararen ledoji, ta riga ta yi ƙulli shida.

"Na maƙwabta ne," ta ce. "Su wa da wa za a kai wa?"

Na kwashe ledojin kamar na ga maciji. Muka je kanti muka sayo kwalabe, 'yar Dakta ta rubuta mana duk abin da ke ciki da Turanci muka manna. Na ɗauki kwalba ɗaya da hannu biyu, na ɗaga ta sama da kaina, na tsallaka titi ina tafiya a hankali, na ƙwanƙwasa wa wata tsohuwa da gidanta ke kallon namu, na faɗa da ƙarfi yadda duk wata motar masu gyaran famfo za ta ji cewa barkono ne da gyaɗa, kyauta ne, ba na sayarwa ba. Da na dawo Rabi tana bakin taga ta riƙe haɓa.

"Ni ban taɓa ganin kyautar rashin kunya irin wannan ba, Malam."

"Kunyar ce ta kusa hana ki zuwa," na ce.

Ta ƙirga kwalaben ta ga ɗaya ta yi saura, ta tambaye ni ta wace ce. Na ɗora ta a kan firji na ce mai ita ya yi tafiya. Gidan yarin ba sa karɓar abinci daga waje, na tambaya. Lauya ya ce sai gemun nan ya yi fari fat kafin ya fito, yaji kuwa ba ya kai haka. Shi ya sa duk lokacin da sabo ya zo daga Kano, nake juye tsohon in cika kwalbar da sabo.